Mai Tsaki a Kan Sikeli

Motar Illa tsaki take yi. Duk lokacin da direba ya ɗaga ƙafa daga totur zai sauya giya, sai ka ji ta ja wani dogon tsaki irin na 'yar kasuwar da aka yi wa tayin wulaƙanci. Masana sun ce iskar da turbo ya tara ce take neman hanyar fita, amma ma'aikatan siton Hajiya Haoua da ke unguwar Al Qusais a Dubai ba su da lokacin wannan dogon bayani. Tun ranar da aka fara tada ta suka raɗa mata Mai Tsaki, sunan kuma ya bi ta har cikin takardun tsere.

Illa bakanike ne, mutumin Tawa ta Nijar, ƙanen Hajiya Haoua ciki ɗaya. Aikinsa na cin abinci shi ne gyaran motocin yayarsa, waɗanda ke kwaso kayan 'yan kasuwa daga shagunan Deira zuwa sito, daga sito zuwa tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Aikin da ke cin ransa kuwa ita ce wannan mota. Shekara shida da suka wuce ya jawo ta daga wajen 'yan gwangwan a Sharjah, mota mai ƙofa huɗu irin wadda magidanta ke kai yara makaranta da ita, an daki bayanta, gabanta kuma lafiya lau. Ya roƙi yayarsa wani lungu a sito na wata ɗaya. Hajiya ta ba shi, har yau kuwa watan bai ƙare ba.

Direban shi ne Jonah, mutumin Kafanchan, mai jan tirela a Jebel Ali. Wata rana Illa ya ga ya shigo da kwantena mai ƙafa arba'in da baya cikin ɗan lungun sito, hannu ɗaya a sitiyari ɗaya riƙe da kofin shayi, bai gyara ko sau ɗaya ba. Illa ya ajiye sifana ya je ya tsaya a gefen taga ya ce, "Ɗan'uwa, wanda ya iya wannan da baya, mi zai yi da gaba?" Jonah ya yi dariya ya ce shi kam bai taɓa wuce tamanin a titi ba, saboda kyamarorin Dubai ba su san uzuri ba. Wata uku bayan haka yana da lasin tsere.

Tarihin Mai Tsaki a filin tsere ba abin rubutawa a allo ba ne, amma Illa ya haddace shi kaf. A tserenta na farko, cikin motoci goma sha ɗaya na rukunin masu ƙofa huɗu, robar turbo ta fice a zagaye na biyu, motar ta dawo tana tafiya kamar an tilasta mata. A na biyu ta yi zafi ta tafasa, Jonah ya fito yana cewa a kawo ganyen shayi kada ruwan ya tafi a banza. Illa ya gane cewa iskar da turbo ke durawa injin tana shiga da zafin Dubai gaba ɗaya, sai ya nemo mata intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iskar, daga jikin wata tsohuwar babbar mota. Abin ya yi mata girma har sai da aka yanka bamba. A shekara ta uku gudu ya samu, birki ya ce bai san zancen ba, Jonah ya zarce cikin tsakuwa sau biyu a kwana ɗaya. Aka sauya birki. Daga nan gaskit ya ƙone, aka sauya shi, sai kulochi ya biyo baya. Haka dai suka yi ta hawa a hankali, daga na ƙarshe zuwa na tara, zuwa na bakwai, bara kuma sau biyu suna zuwa na biyar. Ba su taɓa taka dandamalin da ake ba na ɗaya da na biyu da na uku kofi ba, kuma Illa yana son wannan dandamali so irin wanda ba ya iya faɗa a gaban mutane.

Bana kuwa babu sauran jira. Tseren Asabar shi ne na ƙarshe kafin zafi ya rufe fili, Jonah kuma ya riga ya ajiye takardar barin aiki, zai koma gida a watan Afrilu. Matarsa Clara ta riga shi tafiya da yara tun wata goma da suka wuce, saboda makaranta da kuma jinyar mahaifiyarta. Illa ya san duk wannan, amma yadda ya fahimci zancen shi ne: direba zai tafi, saura tsere ɗaya.

Akwai wata doka da ya kamata a sani kafin a je ranar Asabar. Kowace mota a rukunin, tare da direbanta da hularsa ta kwano, ba za ta gaza kilo dubu ɗaya da ɗari biyu ba. Da an gama tsere ake tura motoci uku na farko kan sikeli, wadda ta gaza ko da kilo ɗaya ne a karɓe kofinta a gaban jama'a. Ba a taɓa auna Mai Tsaki ba, don babu mai ɓata lokacinsa wajen auna na bakwai. Duk da haka Illa ya ɗauki maganar nauyi kamar farilla. Ya cire kujeru da kafet da rediyo, ya sauya gilasai da roba, har notuna sai da ya bi ya rage musu tsawo. Da motar ta yi sauƙi fiye da doka, sai ya mayar da nauyin da sandunan darma, ya ɗaure su can ƙasa a inda shi ya ga dama. A ra'ayinsa kilo ɗaya a ƙasan mota yana taimaka mata a kwana, kilo ɗaya a tumbin direba kuwa asara ce. Saboda haka ya sa wa Jonah doka: ba tuwo, ba shinkafa, ba biredin Larabawa, sai ganye da gasasshen kifi. Jonah ya ce to, da wata irin biyayya da ya kamata ta sa mai hankali ya yi tunani.

Ranar Laraba aka yi awo a sito. Sikelin kaya ne na Hajiya, mai faɗi, wanda ake ɗora buhuna da kwalaye, kuma a duk Deira babu ɗan kasuwar da ya taɓa musu da abin da ya nuna. Mota ba ta hawa kansa gaba ɗaya, sai dai a ɗora tayoyin gaba a rubuta, a ɗora na baya a rubuta, a haɗa, da katakai a ƙarƙashin sauran don kada ta karkace. Illa ya rage man tanki zuwa abin da zai saura bayan tsere, ya jira Jonah, Jonah bai zo ba. Ya kira shi a waya.

"Patron, an riƙe ni a wurin aiki," in ji Jonah. Tun farkon haɗuwarsu ya ɗauki wannan suna, wato maigida, daga bakin 'yan Nijar ya liƙa wa Illa. "Jirgi ya shigo, ba mai fita."

"Karo na uku ke nan kana tsere ma sikeli. Bon, kilo nawa kake?"

"Saba'in da shida da hula, kamar kullum."

"Wannan ƙarar mi nake ji kamar cokali?"

"Sarƙar kwantena ce, Patron."

Illa ya sa aka ɗora kwalayen sabulu na kilo saba'in da shida a kujerar direba, ya ɗaure su da bel. Aka auna gaba, aka auna baya, ya haɗa: dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha shida. Ya yi tsaye yana sosa ƙeya, don lissafinsa ya ba shi ɗari biyu da uku ne. Ina kilo goma sha uku suka fito? Ya zagaya motar, idonsa ya faɗa kan sabuwar intakular da ya sa a watan jiya da bututunta masu kauri, ya ce lallai su ne. Bai buɗe but ɗin bayan motar ba, don me zai buɗe, shi da ya san babu komai a ciki sai faifan alminiyon da ya rufe ramin tayar safaya da shi. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya kwance darma ta kilo goma sha uku, ya jefa a akwatin kayan aiki, yana murna ya kama ɓarawo.

Yanzu sai a ce wani abu game da Hajiya Haoua. Shekara goma sha tara tana aikin kago, wato aika wa 'yan kasuwa kayansu gida, kuma abu ɗaya ne idonta ba ya iya gani ta ƙyale: rami babu kaya. In firji za a aika, sai ta cika shi da atamfa. Tukunya ta cika ta da turare, takalmi ta cusa masa safa, motar da za a tura Kwatano kuwa har cikin ƙofofinta sai an yi ajiya. Ba rowa ba ce, ita dai a wurinta iska ba ta cancanci a ba ta wuri ba. Illa ya tara ma'aikatan sito sau da yawa ya gargaɗe su kada wanda ya sa ko da allura a cikin Mai Tsaki. Bai taɓa gargaɗin yayarsa ba, don ƙane ba ya tara yayarsa ya yi mata gargaɗi.

Ranar Asabar da azahar suka isa filin tseren da ke bayan gari. Sun makara, layin masu gwada sikelin fili ya yi tsawo, Illa ya ce wanda ya hau sikelin Hajiya ba ya bukatar shaida ta biyu. Hajiya ma ta zo, karo na farko a shekara shida, da laima da kujerar roba da kuloli uku, ta zauna a bakin rumfar gyara kamar wadda ta zo suna. Jonah ya fito cikin sabuwar rigar tsere, ya ce tsohuwar ta shige a wanki. Illa bai ko ɗago kai daga ma'aunin iskar taya ba, ya ce masa ya kula da kwana ta bakwai, kada ya taka totur kafin hancin mota ya miƙe.

Zagaye ashirin za a yi, Jonah ya tashi a matsayi na biyar. Da fitilun fara tsere suka mutu motoci goma sha huɗu suka zabura, ƙarar ta sa Hajiya ta toshe kunne da gefen mayafi tana salati. A zagaye na huɗu wata farar mota da ke gabansa ta buɗe a kwana, Jonah ya kutsa ta ciki, Mai Tsaki ta ja mata tsaki ta wuce. Ya zama na huɗu. Illa yana tsaye a jikin katangar fili, oba-oba ta magana da direba a hannu ɗaya, agogo a ɗaya, bakinsa yana motsi ba a jin abin da yake cewa. A zagaye na goma sha ɗaya wata shuɗiya ta wasu samarin Labanan ta taka birki da wuri, Jonah bai taka ba sai da ya ga idon direbanta. Allon fili ya juya ya nuna lambar Mai Tsaki a layi na uku.

Illa bai yi ihu ba. Ya dai ja baya ya jingina da akwatin kayan aiki kusa da yayarsa.

"Illa, wagga mota taka akwai riƙon amana," in ji Hajiya, tana fifita da kwalin dabino. "Sati uku kan kekena na cikinta, ko ƙwarzane bai yi ba."

"Wane kan keke, Yaya?"

"Na ɗinki mana, wanda Hannatou ta can gida ta yi sautu. Yaran sito sun cika taɓe-taɓe, sai na ga ramin safaya ga shi nan a banza, hal da murfi. Na naɗe shi da bargo na cusa. Jiya da hantsi na ɗauke, kwantenarmu za ta tashi."

Illa ya dube ta. Motoci suka wuce da ƙara, ya jira suka yi nisa.

"Yaya, kilo nawa ne?"

"Sha uku da bargon," ta ce, ba ta ko yi tunani ba. Hajiya ba ta taɓa ɗaga abu ta manta nauyinsa ba.

Lissafin bai da wuya, shi ya sa ya yi ciwo. Ɗari biyu da uku a cire goma sha uku, saura ɗari da casa'in. Mai Tsaki tana can tana gudun da ba ta taɓa yi ba, da giɓin kilo goma, kuma a karo na farko a rayuwarta za a ɗora ta a sikeli. Ya faɗa wa yayarsa a taƙaice. Fifitar ta tsaya a hannunta.

Hanya biyu ya gani, duk ba masu kyau ba. Zai iya danna oba-oba ya ce wa Jonah ya sassauta shuɗiyar ta wuce, su gama a na huɗu, babu awo babu kunya, su koma gida suna cewa saura ƙiris. Ko kuma ga darmar nan a cikin akwatin da yake jingine da shi. In mota ta tsaya akan bar bakanike ya miƙa wa direba tawul da ruwa ta taga, sanduna biyu a cikin tawul kuwa ba abin da za su yi sai su zame ƙarƙashin kujera. Bai san lokacin da ya buɗe akwatin ba, sai ganin sandar ya yi a hannunsa.

"Ajiye," in ji Hajiya. Ba ta ɗaga murya ba. "Shekara goma sha tara ina bisa sikeli a garin nan, ban taɓa ɗora ƙafa ba, ban taɓa ɗage igiya ba. Ba a kan kekena za a fara ba. Laifina ne, in an tambaya ka ce yayarka ce."

Ya mayar da sandar, kunya ta kama shi har cikin kunnuwa. Saura hanya ɗaya ke nan. Zagaye na goma sha shida ake ciki, shuɗiyar tana manne da bayan Jonah. Illa ya ɗaga oba-oba ya danna.

"Jonah, kana jina?"

Abin da ya fara fitowa daga na'urar waƙa ce. Jonah yana rera wata waƙar coci da ƙarfi, numfashinsa yana yankewa, injin yana kuka a bayansa. Sannan ya ce, "Patron, ka ga allo? Ka ga lambarmu? Clara tana kallo a waya, na tura mata inda za ta gani. Me zan yi, faɗa mini."

Illa ya riƙe na'urar a bakinsa. A shekara shida bai taɓa jin muryar mutumin nan haka ba. Ya ga cewa in ya ce masa ya sassauta, zai sassauta, ba zai ko tambayi dalili ba, kuma wannan ne ya sa ya kasa.

"Ba komai," ya ce. "Kula da kwana ta bakwai. Yalla, taka ta."

Zagaye huɗun da suka rage Illa bai kalle su sosai ba. Ya dai ji tsakin Mai Tsaki yana zuwa yana wucewa, kowane karo shuɗiyar tana biye. A na ƙarshe suka fito daga kwana kafaɗa da kafaɗa, aka kaɗa tuta mai baƙi da fari, hancin Mai Tsaki yana gaba da abin da bai fi tsawon tabarma ba. Hajiya ta miƙe ta rangaɗa guɗa, Turawan rumfar kusa suka juyo suna tafa mata.

Aka killace motoci ukun a gaban rumfar awo. Mai kula da sikelin wani dattijo ne Ba'indiye mai farin gashin baki da allon rubutu a hannu. Illa ya je taga da tawul da ruwa, tawul ɗin babu komai a ciki. Jonah ya cire hula, fuskarsa sharkaf da gumi, yana dariya har da hawaye.

"Saurara," in ji Illa. "Za su karɓe kofin. Laifina ne, ban buɗe but ba." Ya ba shi labarin kan keke da darma a jimla huɗu, idonsa a kan taya.

Dariyar Jonah ta ɗauke. Sannan wani abu ya gifta a fuskarsa wanda Illa bai gane ba.

"Kilo nawa ka ce muka rasa?"

"Goma."

Jonah ya leƙa ta bayan kafaɗar Illa ya dubi Hajiya, wadda ta biyo su da laimarta. Hajiya ta dubi sama, kamar ana wani abin sha'awa a can.

"A tura ta kawai, Patron," in ji Jonah.

Aka auna ta ɗaya, aka auna ta biyu. Aka turo Mai Tsaki kan faranti huɗu, Jonah yana zaune a ciki da hularsa a cinya. Illa ya tsaya ya harɗe hannu a baya kamar mai jiran hukunci. Jajayen lambobi suka yi rawa suka tsaya: dubu ɗaya da ɗari biyu da ɗaya. Dattijon ya rubuta, ya ɗaga babban yatsa, ya ce a wuce.

"A'a," in ji Illa da Turancinsa na gareji. "Sikelinku ya lalace. A sake."

Dattijon ya sauke tabarau ya dube shi. Ya ce shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ya ga masu kuka, ya ga masu zagi, bai taɓa ganin wanda ya ci awo ya ce a sake ba. Amma ya sa aka janye motar aka sake turo ta, lambobin suka dawo inda suke. Illa ya rantse masa cewa motar in babu direba a ciki ba za ta wuce dubu ɗaya da ɗari da goma sha huɗu ba. Dattijon ya ce to ai abin da sauƙi, habibi, ya nuna wa Jonah ƙaramin sikelin da ke gefe. Jonah ya fito a hankali, ya hau da hularsa, yana kallon rufin rumfa. Tamanin da bakwai.

A lokacin ne Illa ya dubi abokinsa, duba na sosai, daga sama har ƙasa. Ga kumatu sun ciko, ga wuya ya yi layi biyu, ga sabuwar riga tana neman agaji a wajen ciki. Kilo goma sha ɗaya ba allura ba ce, a gabansa suka taru, bai gani ba.

"Ganye da kifi," ya ce.

"Ina ci, Patron. Da safe."

"Litinin da Laraba da Juma'a ofishina yake zuwa a Port Saeed," in ji Hajiya. "Lahadi kuma in ya taso daga coci. Tuwon masara miyar kuka, wani lokaci dambu. Ran Laraba da ka kira shi yana gabana, kwano na biyu."

"Yaya, kin san na hana shi."

"Na sani, shi ya sa ban faɗa maka ba. Tun da Clara ta tafi, mutumin nan ɗaki yake komawa shi kaɗai ya zauna gaban bango. Wata rana ya kawo mini takardun kwantena na ga wandonsa na faɗuwa, na tambaye shi yaushe rabonsa da abincin kirki, sai ya kama yi mini hawaye a ofis. Mutum na ƙasar wasu, ba mata ba ɗiya, ka ce ya ci ganye? Kai ka san nauyin kowane noti na motar nan. Ka san ko hawa na nawa ɗakinsa yake?"

Illa bai sani ba. Ya san bugun zuciyar injin, ya san zafin da intakula ke kaiwa a zagaye na goma, ya san Jonah yana saurin taka totur a kwana ta bakwai. Bai san ɗakinsa ba, bai san ajin da yaransa suke ba, kuma a wata goma bai taɓa tambayarsa ko yana kewar gida ba. Abin ya soke shi fiye da yadda karɓe kofi zai soke shi, ya tsaya a wurin yana murza tawul a hannu, ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ka yi haƙuri, Patron," in ji Jonah. "Na yi maka ƙarya."

"Rufe mini baki," in ji Illa. "Je ka karɓo kofinmu."

Kofin ɗan ƙarami ne, Hajiya ta ɗaga ta ce bai kai kilo ɗaya ba, ta kuma leƙa cikinsa da idon mai tunanin abin da za a iya cusawa. Jonah ya hau dandamali ya ɗaga shi sama yana juya wa wayarsa fuska don Clara ta gani. Da suka dawo rumfa aka shimfiɗa kwali a ƙasa kusa da Mai Tsaki, wadda ke ta ƙara-ƙarar hucewa, Hajiya ta buɗe kuloli. Jonah ya wanke hannu ya zauna, ya ɗan saci kallon Illa kafin ya kai hannu, don sabo.

Illa ya jawo kwanon miya, ya tsamo tsokar da ta fi girma ya ajiye a gefen Jonah. Ya tambaye shi sunan ƙaramar 'yarsa, Jonah ya ce Perpetua, bana ta shiga aji uku. Ya tambaye shi ranar tafiya, ya ce saura kwana goma sha tara. Illa ya gutsuri tuwo ya daɗe yana mulmula shi bai kai baki ba, sannan ya juya wajen yayarsa.

"Yaya, ran Litinin ƙarfe nawa ake zuba abincin?"